FILIN KIWON LAFIYA: Likitan Da Ya Bi Sawun Ƙashin Da Ba Ya Karyewa

A wannan wata filin namu zai leƙa Afirka ta Kudu don mu ji labarin wani likita, Farfesa Peter Beighton, wanda ya shafe shekara wajen 30 yana bin diddigin wata cuta da waɗanda aka san suna da ita a duniya duka kimanin mutum 100 ne kawai. Mai karatu zai ce, to, ina ruwanmu da ciwon da ba mu taɓa gani ba? A yi haƙuri a karanta, domin daga wannan ciwo ne aka samo maganin wata larura da ke kwantar da tsofaffinmu a ɗaka.

An haifi Beighton a Ingila a 1934, ya gama karatun likita a asibitin St Mary's na birnin Landan a 1957. Ya yi aikin likitan soja, har ya yi aiki da rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin rikicin Kwango. Daga baya ya tafi Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, ya zauna gaban Dakta Victor McKusick, babban malami a fannin cututtukan gado. A 1972 aka naɗa shi farfesa na wannan fanni a Jami'ar Cape Town, kuma a wannan gari ya yi sauran aikinsa. Ya rasu a 2023.

Shi mutum ne mai fita ya tarar da jama'a inda suke. A 1973 shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon auna gaɓoɓin mutum fiye da 1,000 na ƙabilar Tswana, daga nan aka samu ma'aunin laushin gaɓoɓi mai maki 9 wanda likitoci ke kira da sunansa har yau. Amma aikin da ya shafe mu shi ne wanda ya yi kan ciwon kaurin ƙashi, wanda likitoci ke kira sikilerostiyosis.

An fara ba da labarin wannan ciwo a 1958, kuma mafi yawan masu shi Turawan Afirka ta Kudu ne da ake kira Afirkana, jikokin mutanen Holan da suka fara sauka can a 1652. Mai wannan ciwo ƙashinsa ba ya daina kauri. Yakan yi tsawo, muƙamuƙinsa ya yi faɗi, sau da yawa kuma akan haife shi da yatsu biyu a manne. Ƙoƙon kai yakan yi ta kauri har ya matse jijiyoyi, fuska ta shanye, kunne ya daina ji, wani lokaci ƙwaƙwalwa ta rasa wuri, mutum ya faɗi ya mutu farat ɗaya yana saurayi. Abin mamaki kuwa, da wuya ƙwarai a ji ɗayansu ya samu karaya.

Beighton ya haɗa kai da Dakta Herman Hamersma, likitan kunne da hanci da maƙogwaro wanda ke yi wa waɗannan bayin Allah tiyata. Suka riƙa bin iyalai gida gida, suna rubuta wa ya haifi wa, wa ya kamu, wa ya tsira. Rahoton da suka fitar a 2003 ya ƙunshi tarihin mutum 63. Sun tabbatar cewa gadon ciwon kamar na sikila yake, wanda mu ma muka sani a zangunanmu: sai uba da uwa duka suna ɗauke da ƙwayar, sannan kowane ciki yana da hatsarin kashi 1 cikin 4.

Sai a 2001 aka kama bakin zaren. Masana na kamfanin Celltech a Amurka, da taimakon jinin waɗannan iyalai da bayanan da su Beighton suka tara, suka gano ƙwayar gadon da ta samu tangarɗa, aka sa mata suna SOST. Wata ƙungiyar masana a birnin Antwerp na Beljiyam ita ma ta gano ta a shekarar. Cikin waɗanda aka gwada har da wani mutum ɗan asalin ƙasar Senegal, wato ciwon bai tsaya ga Turawa kaɗai ba.

To, mene ne aikin wannan ƙwaya? Ƙashi abu ne mai rai. Kamar katangar laka yake, wadda damina ke zaizayewa, magina su sake yaɓewa da rani. A cikin jiki akwai ƙwayoyin da ke kankare tsohon ƙashi, akwai kuma masu gina sabo. Ita SOST tana sa jiki ya yi wani sinadari, sikilerostin, wanda shi ne linzamin maginan. Masu ciwon kaurin ƙashi ba su da wannan linzami sam, shi ya sa gini ba ya tsayawa. Aka kuma duba danginsu masu ɗauke da ƙwaya ɗaya tak, aka tarar ƙashinsu ya fi na sauran mutane ƙarfi, kuma lafiyarsu lau. Nan masana suka ce, ashe idan aka sassauta linzamin kaɗan, ana iya gina wa tsoho ƙashi.

Haka kuwa aka yi. Kamfanonin Amgen da UCB suka haɗa wata allura, romosozumab, wadda ake sayarwa da sunan Evenity. A gwajin da aka buga a 2016 kan mata 7,180, allurar ta rage sabuwar karayar ƙashin baya da kashi 73 cikin 100 a shekara ɗaya. A 2019 Japan da Amurka da Tarayyar Turai suka amince da ita. Ana yin ta sau ɗaya a wata har wata 12, sannan a bi ta da wani magani don a riƙe abin da aka gina. Tana da tsada, kuma ba a yi wa wanda ya samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki a cikin shekarar da ta gabata.

Larurar da allurar ke magancewa, wato zaizayewar ƙashi, tana nan cikinmu ko da ba mu san sunanta ba. Ƙashi yakan kai iyakar ƙarfinsa wajen shekara 30, daga nan ya fara raguwa a hankali, ga mata kuwa yakan yi sauri bayan ɗaukewar al'ada. An ƙiyasta cewa a duniya mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 da suka haura shekara 50 za su samu irin wannan karaya. Ba ta ciwo sai ranar da Iya ta zame a makewayi, ƙugu ya karye, ko kuwa a ga tsawonta yana raguwa, baya yana ranƙwafewa, a ce ai tsufa ne.

Darasin da aikin Beighton ya bar mana shi ne, tarihin dangi ilmi ne. Bincike kan tagwaye ya nuna cewa rabi ko fiye na bambancin ƙarfin ƙashi tsakanin mutane gado ne. Wanda mahaifiyarsa ko mahaifinsa ya taɓa karyewa a ƙugu, to ya gaya wa likita, domin hatsarinsa ya fi na sauran. Mu kuwa mun saba da ɓoye ciwon gida don gudun kada a ƙi auren 'ya'yanmu. Da iyalan Afirka ta Kudu sun rufe ƙofa, da wannan magani bai samu ba.

Sauran rabin kuwa yana hannunmu. A riƙa ba yara da tsofaffi nono da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, da miyar kuka da zogale. Mata masu yawan zama a ɗaka su riƙa fitowa tsakar gida su sha hantsi, domin rana ce ke sa jiki ya yi sinadarin da ƙashi ke bukata. A riƙa tafiya da ƙafa, a bar taba. 'Yan'uwa mata kuma su guji ƙwayoyin sa ƙiba irin su deksametazon, domin daɗewa ana shan su yana cinye ƙashi. A sa fitila a hanyar makewayi, a gyara wurin da ke da santsi. Idan kuwa tsoho ya faɗi ya kasa taka ƙafa, a kai shi asibiti a ɗauki hoto a ranar. Masu ɗori suna da nasu gwaninta, amma karayar ƙugu galibi sai da tiyata, kuma doguwar kwanciya ita ke kashe tsoho.

Allah Ya ba tsofaffinmu lafiya, Ya sa mu gama da su lafiya. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.