Filin Makiyaya: Dakarun da Ke Gadin Hanyar Ƙwai

Masu kiwon kajin ƙwai a Maje ta ƙasar Suleja, da yake kasuwar Abuja na kusa da su, sukan so sayen sagaru masu mako 16 zuwa 18 don su soma ganin kuɗi da wuri. To, amma lokacin nan na cikin mafi hatsari a rayuwar kaza, dalili kuwa yana can cikin cikinta.

Kaza tana yin ƙwai ne ta wani kwararo guda ɗaya a gefen hagu, mai tsawon santimita 60 zuwa 70, inda ƙwai kan yi wajen awa 25 kafin ya fito. Bakin kwararon nan ya haɗu da mafitar kashi, watau ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta. Saboda haka ne jikin kaza ya jibge fararen ƙwayoyin jini a bangonsa. Waɗansu haɗiye ƙwayar cuta suke yi, waɗansu su hallaka wurin da ya kamu, waɗansu kuma su saki sinadarin kariya cikin farin ƙwai. Gwaiduwa kuwa daga jinin uwa take ɗibar nata, kamar yadda wani likitan Jamus, Felix Klemperer, ya nuna tun 1893. Da guzurin nan ɗan tsako yake kare kansa mako biyu zuwa uku na farko.

Masana sun gano cewa daidai lokacin soma ƙwai ƙarfin waɗansu dakarun yakan ragu, sai cutar Salmonela da ta daɗe a ɓoye ta farka, har ta shiga ƙwai tun ba a yi masa ɓawo ba. Wanke irin wannan ƙwai aikin banza ne. Fakat kuwa, wadda takan yi ɓarna da hunturu, in ta taɓa kwararon sai ƙwai ya ragu, ɓawo ya yi laushi. Nan mai kaji zai yi ta ƙara garin ƙashi a abinci, alhali ciwon ba can yake ba.

Don haka ake so a kammala allurar rigakafi kafin ƙwan fari. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana yin ta fakat. Mai sayen sagaru ya nemi takardar da ta nuna ranakun allura, in an ƙi nunawa ya bar wa mai su abinsa. Waɗanda ya saya kuma ya keɓe su mako biyu kafin ya gama su da tsofaffin kajinsa.