Shawarar wata: Ka san ruwan kifinka



A Madarunfa da Tabalak da Gidimuni, kifi abinci ne, kuma kuɗi ne. Yanzu wasu na gina ƙaramin tabki cikin garka, suna kiwon karfasa da tarwaɗa. To, mai kiwon kifi, ruwa ne gonarsa. In ruwa ya ɓaci, wahalar wata shida na iya tafiya a dare guda.

Ruwa ma yana son taki

Ruwa garai-garai ba shi ciyar da kifi. In an sa kashin kaji ko na shanu, wasu ƴan ƙananan tsirrai ke tsirowa, ido ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya. Su ke sa ruwa ya yi kore. Su ne abincin karfasa. A zuba takin cikin buhu, a ɗaure, a jiƙa shi a gefen tabki. In ruwa ya yi kore, a fid da buhun.

Yaya za a san taki ya isa?

Ka sa hannunka cikin ruwa har gwiwar hannu, wajen santimetir 30. In kana ganin tafinka sarai, ruwa na jin yunwa, ƙara taki. In tafin ya fara ɓacewa, ya yi daidai. In ya ɓace tun hannu bai yi nisa ba, taki ya yi yawa, dakata.

Me ya sa yawan taki ke kashe kifi?

Kifi na shaƙar iskar da ke cikin ruwa. Da rana tsirran nan na ba ruwa iska. Da dare kuwa su ma shaƙa suke yi. In sun yi yawa, kafin asuba sun shanye ta. Shi ya sa ake zagaya tabki da sassafe. In ka tarar da karfasa sun taso sama suna buɗe baki, kar ka ba su abinci ran nan. Ka rage tsohon ruwa, ka zuba sabo daga sama yana fantsama. Kar lafiyar tarwaɗa ta ruɗe ka, ita tana iya shaƙar iskar waje.

Dussa ma da iyaka

Ba su dussar da za su cinye cikin minti 15. Wadda ta saura ruɓewa take yi a ƙasa. Ita da kashin kifi ke haifar da wata guba, ana ce mata amoniya. Gubar nan ta fi ƙarfi cikin ruwan zafi da ruwa mai kanwa. Mutanen da ke inda kanwa ke fitowa, kamar wajen Gidimuni, su ƙara kula. Lokacin ɗari kifi ba ya ci da yawa, a rage musu.

Bazara ita ce lokacin haɗari

Ruwan zafi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Kuma rana na shan ruwa, amma ba ta shan gishiri da kanwa. Suna nan suna taruwa. Saboda haka ciko kaɗai bai isa ba, sai an riƙa fid da wani sashe na tsohon ruwan. Kar a zubar da shi banza, a ba salati da albasa, taki ne.

Abu na ƙarshe: kar a wanke famfon feshin maganin ƙwari a tabki. Kar a yi wanki da sabulu a ciki. In kifi sun fara mutuwa, a kwashe matattun nan da nan, a gaya wa ma'aikatan ruwa da daji.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.