Wa Ya Ɗauki Bindigar Macomber?

A zangon karatun da ya wuce an ba mu gajeren labarin nan na Ernest Hemingway, marubucin Amurka, mai suna "The Short Happy Life of Francis Macomber", wanda aka fara bugawa a 1936. Mako biyu muka yi muna jayayya a kan tambaya guda: shin da gangan matar ta harbe mijinta, ko kuwa kuskure ne? Ni dai a ganina mun bar jaki muna dukan taiki.

Ga wanda bai karanta ba, ga yadda abin yake. Macomber attajiri ne Ba'amurke, ya tafi farauta Afirka ta Gabas da matarsa Margot, ya ɗauki wani Baturen Ingila, Wilson, ya zama maharbin da zai ja shi. Ya harbi zaki bai kashe ba, da zakin ya taso masa sai ya ranta a na kare. Matar ta rena shi, daren nan ta tafi tantin Wilson. Washegari wajen farautar ɓauna tsoro ya sake shi, ya tsaya ƙyam ɓauna na tahowa, sai matar ta yi harbi daga cikin mota, harsashi ya same shi a ka.

Ba na musun gwanintar marubucin. Shi kansa ya yi farauta a Kenya da Tanganyika a 1933 zuwa 1934, ya san abin da yake faɗa. Dubi inda ya shiga cikin zuciyar zakin, ya nuna mana yadda yake hangen motar, yadda zafin harsashi ke cin cikinsa, da yadda ya laɓe a ciyawa yana tattara sauran ƙarfinsa. Wurin ya tsuma ni ƙwarai. Amma fa a nan ne na tsaya na yi tunani. Alƙalamin da ya iya shiga zuciyar dabba, me ya hana shi shiga zuciyar mutanen ƙasar, waɗanda ke riƙe da bindigogin?

Suna nan cikin labarin tun daga shafin farko. Kuku da boyi-boyi da mai fiɗa da 'yan dako su ne suka ɗauko Macomber a kafaɗa zuwa tantinsa, wai ya kashe zaki. Masu ɗaukar bindiga kuwa ba su sa hannu ba, domin sun ga gudun da idonsu. Wannan ƙin nasu shi ne hukunci na farko da aka yanke wa Macomber, tun matarsa ba ta buɗe baki ba, amma a ajinmu ba wanda ya tanka shi. Da aka zo tukuici, Wilson ya ce fam guda ya isa, kada a lalata su. Da wani yaro ya ƙura wa maigidan ido, Wilson ya yi masa barazanar bulala goma sha biyar, alhali da bakinsa ya amsa cewa doka ta hana. Sa'an nan da za a bi zakin cikin ciyawa, tsoho Kongoni da ɗan'uwansa ba a tambaye su ba, aikin da suka ɗauka ke nan. Macomber kaɗai aka ba zaɓi ko ya shiga ko ya tsaya.

To, in jaruntaka ce jigon labarin, kamar yadda littattafan sharhi ke cewa, wane ne jarumin? Mutumin da ya yi ƙarfin hali na 'yan mintoci, ko wanda ke shiga ciyawa kowace tafiya don abincin iyalinsa?

Wani abokina ya ce a cire labarin daga manhaja gaba ɗaya. Ban yarda ba. Chinua Achebe karanta Conrad ya yi da idon ɗan Afirka kafin ya yi laccarsa ta 1975 a Amurka, da ya ƙi karantawa da ba abin da zai faɗa. Kenya ta hana irin wannan farauta tun 1977, amma labarin ya adana mana yadda ake zama a sansanin, har da abin da marubucin bai yi nufin nunawa ba.

Roƙona ga malamanmu shi ne a sake tambayar jarrabawa. A bar Margot ta huta shekara guda, a ce ɗalibi ya ba da labarin ranar zakin daga bakin Kongoni.