Gawayin Gona: A Yi Lissafi Kafin A Ba Da Kwangila

Tun daga taron ƙolin da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2006, inda suka ƙuduri aniyar kai yawan takin zamani da ake zuba wa kowace hekta zuwa kilo 50, muhawarar noma a ƙasar nan ba ta wuce farashin buhu ba. A ƙarƙashin shirin taki na shugaban ƙasa da aka ƙaddamar a ƙarshen 2016, an tsayar da buhu kan Naira 5,500. Bayan janye tallafin mai da sakin darajar Naira a 2023, farashin ya yi ninkin-ba-ninkin. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: daga cikin takin da manomi ya saya da tsada, nawa ne ke tsayawa a gona har shuka ta ci moriyarsa?

Amsar tana ga jikin ƙasar ita kanta. Galibin ƙasar noma ta arewacin Nijeriya jigawa ce mai rairayi, wadda ruɓaɓɓen tsiro da ke cikinta bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, sai ya zarce ƙasa da saiwa, ya tafi da rabon taki. Idan kuwa aka ɗauke ruwa na mako biyu bayan shuka, sai yabanya ta yi yaushi. Zuba taki a irin wannan gona tamkar ɗiban ruwa ne da kwando.

A nan ne gawayin gona ya shigo. Ana samunsa ta hanyar gasa ragowar amfanin gona, kamar ɓuntun shinkafa da totuwar masara da ɓawon gyaɗa, a inda iska ba ta shiga sosai, ta yadda ba za su zama toka ba. Dabarar ba sabuwa ba ce: baƙar ƙasar nan ta yankin Amazon a Barazil, wadda mutanen dā suka gina da gawayi da shara, har yau ta fi ƙasar da ke kewaye da ita albarka. Gawayin cike yake da ƙananan ramuka kamar soso. Idan aka cuɗa shi da ƙasa, yakan rage mata dunƙulewa, iska ta samu hanya, saiwa ta nutsa ba tare da wahala ba, garma ma ta fi shiga. A jigawa yakan riƙe danshi kusa da saiwa. A ƙasa mai laka yakan buɗe wa ruwa ƙofa maimakon ya kwanta a sama. Yana kuma rage tsamin ƙasa. Wani babban nazari da aka buga a 2017, wanda ya tattara gwaje-gwaje daga sassan duniya, ya nuna ƙarin amfanin gona na kimanin kashi 25 cikin ɗari a ƙasashe masu zafi, alhali a ƙasashe masu sanyi kusan babu wani canji.

Sai dai gawayi ba taki ba ne, kuma duk wanda ya tallata shi a matsayin madadin taki yana yaudarar manomi. Ɗanyen gawayi ma yakan zuƙe abincin shuka a damina ta farko, shi ya sa masana ke ba da shawarar a fara jiƙa shi da kashin dabbobi ko takin gargajiya.

Yanzu sai lissafi, wanda masu ɗokin abin ba sa son ji. Yawancin gwaje-gwaje na zuba tan 10 ko fiye a hekta guda. Gashi kuwa yakan bar kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyin abin da aka gasa, wato tan 10 na gawayi na buƙatar tan 30 na busasshen kaya. Ɓuntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shinkafar da ba a casa ba. Ke nan sai an casa tan 150 kafin a gyara hekta ɗaya. Ƙara da kuɗin lodi da na mota a farashin gas na yanzu. Babu ƙaramin manomin da zai iya wannan.

Kada kuma a sa ido kan kara da harawa. A ƙauye kara ba shara ba ne: da shi ake danga da rufin ɗaki da girki, harawa kuwa kuɗi ce a hannu lokacin rani. Mafi muni shi ne a buɗe wa gawayi sabuwar kasuwa ba tare da tsaro ba, masu gatari su ƙara afka wa dazuzzukan Neja da Nasarawa da tuni gawayin girki ke cinyewa. Gyara hekta ɗaya da toka dajin hekta biyar ba ciniki ba ne.

Inda lissafin ke fita shi ne inda kaya ke jibge a banza. Tsibin ɓuntu a masana'antun casar shinkafa na Abakaliki da Kura da Lafiya ba shi da wani mai nema sai wuta. A kusa da irin waɗannan wurare, mai lambun tumatir ko albasa, wanda ke sayen fetur don ban ruwa, zai ga riba idan gonarsa ta ƙara kwana ɗaya ko biyu kafin ta nemi ruwa. Ba dole ba ne kuma a baza shi a duk gona. A Zambiya, wani gwaji da aka buga a 2013 ya zuba tan 4 kacal a hekta, cikin ramin shuka kawai, masara ta ninka a rairayin Kaoma, amma a wasu wuraren ba a ga bambanci ba.

Wannan bambanci shi ne dalilin da ya sa bai kamata wata jiha ta yi gaggawar ba da kwangilar sayo gawayi don rabawa ba. Kuɗin ya fi dacewa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da takwarorinta, su gwada gawayin ɓuntu a gonakin manoma na damina uku a jere, a jigawa da fadama, su auna danshin ƙasa daga shuka zuwa girbi, sa'an nan su buga abin da aka kashe da abin da aka samu a kan kowace hekta, cikin Naira da Kwabo.