Babur Mai Lantarki: A Ina Ɗan Haya Zai Sa Caji?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa kusan Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ake ta jan hankalin jama'a su koma ga ababen hawa masu aiki da lantarki. A 2024 Gwamnatin Jihar Ogun ta ƙaddamar da irin waɗannan babura a Abeokuta. Madalla da haka. Sai dai masu wannan kira sun tsallake tambaya guda: a ina ɗan haya zai sa caji?

Mai gidan kansa a Ikoyi ba ya da wannan damuwa. Amma ɗan Arewa mai sana'ar acaba a Agege, ko unguwar Sabo ta Shagamu da ta Ibadan, galibi ɗaki guda yake haya, a gidan da mita ɗaya ke ɗauke da kowa, ana raba kuɗin wuta a ƙarshen wata. Gidan da ake kai ruwa rana a kan dutsen guga, yaya za a ƙare da batirin da zai kwana yana shan wuta? Balle a unguwannin rukunin A, inda aka mayar da yunit Naira 225 a watan Afrilu na 2024. Wanda ke saman bene kuwa, ko dai ya zuro waya ta taga, ko ya kwana da batir a ɗakin da iyalinsa ke barci. Kowanne hanya ce ta gobara.

Abin da ya dace da talaka shi ne musayar batir: ya miƙa wanda ya ƙare, ya karɓi cikakke cikin 'yan mintoci, ya biya, ya kama gabansa, ba ruwansa da mai gida. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a yankunansu, don haka gwamnoni ba su da uzuri. Ya kamata su keɓe wuraren musaya a tashoshi da kasuwanni, su kuma ba ɗan haya haƙƙin kafa mitarsa ta kansa.

Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaba su kai wannan bukata gaban hukuma tun yanzu, kafin 'yan'uwa su ci bashin baburan.