Kukan da ba a yi a Damargu

A ƙasar Hausa kowane mai rashi an san matsayinsa, ban da uwa da uba. Matar da mijinta ya rasu tana da takaba, wata 4 da kwana 10, ba mai ce mata ta tashi ta saki fuska. Maraya yana da sunansa, kuma addini ya yi horo da a kula da shi. To amma mutumin da ya binne ɗansa, ko sunan da za a kira shi da shi babu a harshen Hausa. Kwana 3 ake shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, jama'a na shigowa ɗaya bayan ɗaya: "Ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne." Shi kuwa yana amsawa da godiya har muryarsa ta dushe. Ran sadakar uku a yi addu'a a naɗe tabarma, ɗan kasuwa ya koma rumfarsa, ma'aikaci ya koma biro. Idan ɗan fari ne abin ya fi tsanani, domin yaron da kunya ta hana a ambaci sunansa yana raye, kunyar nan dai za ta hana a yi masa kuka a gaban mutane.

Damargu ta san wannan tabarma fiye da kima. Binciken lafiya na ƙasa na 1992 ya nuna cewa a cikin yara 1000 da aka haifa a Nijar, 318 ba su kai shekara 5 ba. A 2012 adadin ya sauko zuwa 127, bayan da aka mayar da maganin ƙananan yara kyauta a 2006. Sanƙarau na 1995 ya kwashe dubbai, yunwar 2005 kuma ta bi ta gundumar Tanut, ƙasar da a da ake kira rumbun gero. Inda rashi ya yi yawa haka, mutane sukan koyi gaggauta shi, har a ga kamar wanda ya daɗe yana jimami yana ja da hukuncin Allah ne.

Wani Alhaji mai sayar da hatsi, mutumin Falanko, ya rasa ɗansa na fari, saurayi da ya fara riƙe masa awo a kasuwa. Zazzaɓin kwana kaɗan ne ya ɗauke shi. Alhajin ya yi zaman makoki kamar yadda ake yi, har ana yabon dauriyarsa. Abin da masu yabo ba su sani ba shi ne barci ya ƙaurace masa, in ya kwanta sai lissafi: da an kai shi gidan likita tun ran farko, da an samu mota da wuri, da an wuce Damagaram kai tsaye. Bayan arba'in, sai wani abokin cinikinsa mai sayo motoci a Kwatano ya ce masa: "Alhaji, zo ka raka ni, ko iska ka sauya." Wannan tun kafin a rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 ne, lokacin da mutum zai bi Maradi, Ƙonni, Doso da Gaya, ya haye gadar Malanbil, ya gangara har teku, tafiyar da ta haura kilomita 1500.

Ƴan kasuwar Nijar sun daɗe da sanin Kwatano, amma Kwatanon da suka sani ita ce ta tashar jiragen ruwa, ofishin duwan, kasuwar Dantokpa da masaukin Zango. Da yawa sun yi shekaru suna zuwa ba su taɓa zama a bakin ruwa ba, alhali ga shi nan kusa, a unguwar Fijirose. Shi Alhajin, da yake ba cinikin da ya kai shi, can ya riƙa wuni. Bai shiga ruwan ba, kuma ya yi daidai, domin igiyar wannan gaɓa tana jan ko gwanin iyo. Zama kawai yake yi a gindin itacen kwakwa, yana kallon masunta sun yi layi suna jan koma da waƙa cikin yaren da ba ya ji.

Mutumin Damargu ba baƙon fili ba ne, ya saba da rairayi da sararin da ido ba ya ƙurewa. Abin da ya zame masa sabo shi ne rashin idon sani. A Falanko duk wanda ya haɗu da shi sai ya yi masa gaisuwa, shi kuma dole ya gyara fuska ya amsa. A nan ba wanda ya san shi Alhaji ne, ba wanda ya san an yi masa rasuwa, ba wanda yake jiran ya ga ko zai daure. Ƙarar ruwan kuma tana rufe kowace murya. A rana ta uku ya kira sunan yaron da ƙarfi, sunan da bakinsa bai taɓa furtawa ba tun ranar suna, ya yi kuka har la'asar. Daren nan mai masaukinsa ne ya tashe shi sallar asuba.

Za a samu masu cewa wannan hutun nasara ne, almubazzaranci ne, mai imani carbinsa ya ishe shi. Maganar tana da rauni ko a wajen malamai. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, Annabi Yaƙubu kuma ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da sukar ƙaddara. Hana hawaye kuwa al'ada ce ta ƙara shi. Batun kuɗi ma, ma'aikacin gwamnati yana da hutun wata guda a shekara, sau da yawa a bukukuwan dangi yake ƙarewa. Ɗan kasuwa kuma abin da yake kashewa a sadakar arba'in don kada a ce ya gaza, ya kan fi kuɗin mota.

Sai dai akwai wadda aka bari a baya. Uwar yaron ita ta yi jinya, ita ce kullum take ganin buzunsa da takalmansa a ɗaki, kuma ita ce aka fi tsananta wa kunyar ɗan fari. Namiji yana da hanya da tasha da uzurin fatauci, ita kuwa iyakarta a tura ta ganin gida, inda wasu masu gaisuwar ke jiranta. Da Alhajin ya dawo bayan kwana 10, ya kawo mata turmin atamfa da ƴan bawon kifin teku da ya tsinto a rairayi. Ta juya su a hannu, ta tambaye shi:

"Alhaji, can ka samu barci?"

Ya ce ya samu. Ta ce ita har yanzu ba ta samu ba.

Shekarar da ta biyo ya yi niyyar tafiya da ita, sai rufe iyaka ya zo, kayan Nijar suka koma bin Lome ta Burkina Faso, hanya mai nisa da hatsari wadda ba a ɗaukar iyali a kanta don hutu. Abin da ya iya yi shi ne ya kai ta Yamai wajen ƙanensa ma'aikaci, inda kowace yamma ƙanen ke sauke su a bakin kogin Isa, ya koma ya dawo ɗaukarsu bayan magariba.