Filin Direbobi da Kanikawa: In Kuloci Ya Ƙi Raba Giya

Tun daga 1975, lokacin da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, a-kori-kura ta zama jakin 'yan kasuwa da manoma. Masu irin waɗannan tsofaffin motoci, ko 504 ce ko Toyota Hilux, sun san baƙin cikin ranar da aka yi lodin tumatir da asuba, direba ya taka kuloci, giya ta ƙi shiga sai ƙara. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne gaggawar sauke giyabos, a kashe kuɗi masu yawa, alhali sau da dama laifin wata 'yar roba ce.

Kulocin mai yana aiki ne da famfo biyu. Na sama, wanda kanikawa ke kira masta, yana haɗe da abin takawa. Na ƙasa yana jikin giyabos, kuma bututu ne ya haɗa su. In direba ya taka, na sama ya tura mai, man ya tura sandar na ƙasa, ita kuma ta ɗaga abin da ke danne faifan kuloci, inji ya rabu da giya. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake isar da ƙarfin ƙafa. Iska kuwa tana matsuwa, saboda haka in ta shiga bututu sai ƙarfin ya ɓace a hanya.

Bincike yakan fara ne daga tukunyar mai. In man ya ragu, lalle akwai inda yake yoyo, domin kuloci ba ya shan mai. Sai a leƙa ƙarƙashin sitiyari. In an ga danshi a sandar abin takawa ko a kan shimfiɗa, robar famfon sama ta mutu. In nan a bushe yake, a shiga ƙarƙashin mota a janye robar da ke rufe bakin famfon ƙasa. In mai ya zubo, nan cutar take. Sa'an nan a bi tiyo da hannu, a nemi tsagewa ko kumburi.

Wani lokaci tukunya cike take, ba yoyo ko kaɗan, amma giya tana gardama. A nan sai a ja birkin hannu a fili inda ba kowa a gaba, a tada inji, a sa giya ta ɗaya, a ci gaba da danne kuloci. In bayan ɗan lokaci motar ta fara yunƙurin tafiya ko injin ya nemi mutuwa, to mai yana sulalewa ta gefen robar cikin masta yana komawa tukunya. In kuwa kulocin ya yi laushi, ba ya kamawa sai an yi ta bugawa, galibi iska ce.

Kafin a taɓa giyabos, yaron mota ya taka kuloci, bakanike ya zuba ido a kan sandar famfon ƙasa. In ba ta fita sosai, laifin yana ɓangaren mai. In tana fita yadda ya kamata amma giya ba ta shiga sai an kashe inji, sa'an nan ne za a zargi abin da ke ciki, watau boris ko ƙarfen da ke tura shi, ko faifan da tsatsa ta manne bayan mota ta daɗe a ajiye da damina.

Akwai kuma kishiyar wannan, inda inji ke kuka a hawa amma mota ba ta ja. Yawanci faifai ne ya cinye. Duk da haka a fara duba ko abin takawa yana da ɗan sarari kafin ya kama. In an ɗaure sandar masta da yawa, 'yar kafar da mai ke komawa tukunya takan toshe, man ya yi zafi ya kumbura, ya riƙa danna kuloci shi kaɗai.

Cire iska aikin mutum biyu ne. A cika tukunya, a sa siririn tiyo a kan notin fitar da iska na famfon ƙasa, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai. Ɗaya ya taka ya riƙe, ɗaya ya kwance notin, mai da kumfa su fita, ya ɗaure kafin a saki ƙafa. A maimaita har kumfa ya ƙare, ana ƙara mai kada tukunya ta ƙafe.

Man da ya dace shi ne man birki mai lambar DOT 3 ko DOT 4. Man inji yana kumbura robobi, ruwan sabulu kuma da wasu ke zubawa a kan hanya yana kawo tsatsa. Man birki kansa yana jan danshi daga iska, don haka ake so a canza shi duk shekara 2, a kuma guji gwangwanin da ya daɗe a buɗe. A wasu motoci tukunya ɗaya ce ke ba birki da kuloci mai, saboda haka yoyon kuloci gargaɗi ne a kan birki ma.

In an buɗe famfo an ga cikinsa ya yi ramuka, sabuwar roba ba za ta daɗe ba, gara a sayi famfon ɗungurungum. Araha ba ta ado. Direban da ke buɗe bonet kowace safiya ya dubi tukunyar nan, da wuya kuloci ya shammace shi a tsakiyar daji da kayan mutane.